Ruwan Toka a Gindin Inabi

"Riƙe tsumman da kyau, Bahillace. Ba nonon saniya muke tacewa ba."

"Da nono na, ai da ba a kira Ba'are wurin ba," in ji Bello. Ya ja bakin tsumman ya dafe shi a kan bokiti. "Zuba, ka ishe ni."

Dalhatu ya karkata ɗaya bokitin. Ruwan da ya dama farin gari a ciki ya sauka ta tsumman, ya bar ɗan tsaki a sama. Ya yarfe tsakin gefe, ya ɗauki tataccen ruwan ya nufi tsani. Tanon ruwan garkar, wato tankin da ke shayar da lambun, yana bisa ƙafafun ƙarfe, ya fi tsawon mutum, daga gindinsa baƙaƙen tiyo suka fita suka bi layukan inabi, kowane gindi da ɗan hujin da ke ɗiga masa ruwa. Dalhatu ya fara hawa, sai ya tsaya. Bello ya ga ya jingina goshinsa da tsanin. Kafin ya buɗe baki mutumin ya sauko a hankali, ya aje bokitin bai zubar da komai ba, ya zauna daɓas a ƙasa ya jingina da ƙafar tanon.

"Mi ya hwaru?"

"Ƙasa ta ke juyawa. Bari ta tsaya."

Bello ya tsuguna. Sai a lokacin ya lura da ƙafafun abokinsa, sun kumbura har igiyar takalmi ta nutse a cikin nama. Ya daɗe yana ganin shanu, ya san dabbar da ciwo ya ci ta cikin jiki tun kafin ta faɗi. Bai so abin da ya gani ba.

"Tun yaushe ƙahwahunka ke haka?"

"Hau ka zuba ruwan nan tukuna," Dalhatu ya ce, idonsa a rufe. "In ya daɗe a bokiti kwantawa shikai."

Bello ya hau ya zuba. Sannan ya sauko ya je bakin hanya neman mai amalanke.

To, su biyun nan katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu a Kore Mairuwa, a fadama kuma garka da garka suke. Bello Bafillace ne, dillalin shanu a zamaninsa, ba kasuwar da bai sha ranarta ba daga Dogon Kiriya har kudu can bakin teku, sai da gwiwa ta ƙi shi ya dawo ya rungumi albasa. Dalhatu kuwa Ba'are ne, ɗan ƙasar Arewa. Ka san tsakanin Bafillace da Ba'are ba a gaisuwa sai da zagi, kowa na cewa ɗaya bawansa ne, haka aka tarar. Su biyun sun riƙe wasan nan har baƙo kan ɗauka faɗa suke.

Inabin kuwa Dalhatu daga Libiya ya zo da shi. Ya yi shekaru yana aiki a gonar wani Balarabe, da zai dawo, mutane na ɗauko rediyo da bargo, shi ya ɗauko ƴan itatuwa naɗe a jiƙaƙƙen buhu, yana raba ruwan shansa da su a hanya. Suka kama, suka hau rumfar da ya yi musu, suka yi ƴaƴa. Sai dai tsami. Yaran unguwa sun saci nono ɗaya a shekarar farko, ba su ƙara ba, daga nan garkar ta samu suna, tsamiyar Dalhatu. Ya sayi farantan sola, ya shimfiɗa tiyon nan da ake cewa gut-a-gut, ƴaƴan suka ƙara girma, tsamin yana nan. Ya ce shi ya san abin da ya rage. Akwai wani farin taki, fotas, da Balaraben kan dama ya saka a ruwan tiyo daga lokacin da ƴaƴa suka fara laushi, shi ke tura zaƙi cikin ɗan inabi. Bana ne wani direba ya samo masa ƙaramin buhu daga Yamai. Ya aje shi a ɗakin kwanansa, ko Shatu matarsa ba ta taɓa shi.

A likita ta Dogon Dutsi, wato asibiti, aka ce ƙoda ce, duka biyun. Luƙman, babban ɗansa mai shagon kayan waya a Yamai, ya zo a ranar, ya ce a tafi can a riƙa wanke masa jini. Dalhatu ya tambayi likitan, in an fara wankin yaushe ake gamawa. Likitan ya faɗa masa gaskiya, ba a gamawa. Dalhatu ya ce to a mai da shi gida.

Aka shimfiɗa masa katifa a rumfar tsakar gida. Luƙman yaro ne mai ladabi, gemunsa a gyare, wandonsa bai kai idon sawu ba, duk abin da aka ce doka ce yana riƙe ta da hannu biyu. Ya tsaya ya zayyana wa uwarsa abin da likita ya hana. Ruwa sai kaɗan. Ba ayaba, ba tumatir, ba ƴaƴan itace, ba miyar toka, domin akwai wani gishiri da ƙodar ta kasa fitarwa, ya taru a jini, in ya ƙaru zuciya na iya tsayawa. Shatu ta je ta kife tukunyar tatar tokarta a bayan ɗaki.

"Wane gishiri?" Dalhatu ya tambaya.

"Fotasiyom, Baba."

Dalhatu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Kun ji! Abin da nike bida tun daga Yamai, ashe ga shi jikina ya yi yawa. In na mutu ku bizne ni gindin inabi ku huta."

"Subhanallah, Baba."

"Ƙasa ma ba ta karɓar Ba'are sai da roƙo," in ji Bello daga bakin zaure. "Kai dai sha maganinka."

Luƙman ya sunkuyar da kai. Ba ya son irin wasan nan kusa da maras lafiya, amma ya tashi ya tarar da shi, ba ya iya cewa komai.

Da yamma Dalhatu ya sa aka fito da buhun, ya kira Bello ya zauna kusa.

"Ka saurara, don na san kan Bahillace sai saniya. Gwangwanin tumatir ƙarami, shafe, ba tozo ba. Ka dama a bokiti har ya narke, ka tace da tsumma. Ka buɗe ruwa zalla tukuna har ƙasa ta jiƙa, sannan ka zuba wanga, in ya ƙare ka sake sakin ruwa zalla ya wanke tiyo. Ka tsallake kwana biyu ka sake. In sunka fara ja, ka rage musu ruwa."

"In rage ruwa? Cikin zahin nan?"

"Ka rage."

"Wagga ai mugunta ta. Albasata in ta ga haka sai ta kai ni ƙara."

"Albasa jaka ta, ci take ba ta ƙoshi. Inabi ɗan sarauta na, da cokali aka ba shi." Ya maida numfashi. Da ya sake magana muryar ta sauka. "Bello. Ni dai in sa guda a bakina in ji zaƙi. Ƙasar Arewa, ruwan Arewa. Shi ke nan."

Sunansa da ya kira, ba Bahillace ba, shi ya tsaya wa Bello a rai. Ya ɗauki buhun ya fita.

Da fari ya bi ƙa'ida. Kullum da hantsi, in rana ta hau farantan, famfo ya fara cika tano, yana can. Ya kan tsaya ya kalli ɗigon nan yana fitowa daga huji, ɗis, a jima, ɗis, ransa na ɓaci. Shi mutumin guga ne, ya saba ya ga ruwa ya malala a fangali yana kumfa. Ƴaƴan inabin kuwa kore shar, wasu sun fara ɗan laushi, sauran kamar tsakuwa. Yana dawowa gida sai ya leƙa rumfa.

"Yaya ɗiyana?"

"Suna nan kamar ubansu, taurin kai."

Amma uban yana ta sauka. Fuska ta kumbura, abinci ya daina zama, in yana magana sai barci ya ɗauke shi a tsakiyar kalma. Wata safiya Bello ya shigo ya tarar Shatu ta kawo koko, Dalhatu ya dube ta ya kira ta da sunan yayarsa da ta rasu tun da daɗewa. Ya gane kuskuren nan take ya yi murmushi, amma Bello ya ga Shatu ta aje ludayi ta kau da fuska.

Ya fita ya nufi garka yana lissafi irin na dillali. Ga mutum yana gangarawa da gudu, ga inabi yana hawa da rarrafe. In aka bi ta cokalin nan ba za su haɗu ba. Ai ko sa ne kake so ya kai kasuwar salla, ƙara masa dussa kake yi. Ya hau tsani da buhun gaba ɗaya, ya zazzage shi cikin tano, ya sa sanda ya ɗan juya, ya buɗe ruwa. Ya ce bismillahi, ya koma wurin albasarsa da zuciya wasai.

Washegari da jibi bai ga komai ba, domin bai duba ba, ya ga dai tano na cika ya ɗauka komai daidai. Ranar da ya shiga cikin rumfar inabin ya ɗaga kai, sai ya ga ɓarna. Layukan da ke kusa da tano bakin ganyensu ya ƙone, ya nannaɗe kamar an gifta musu wuta, ƴaƴan sun fara yamushewa. Ƙasar gindinsu ta yi farin ɓawo. Ya bi tiyo da hannu zuwa can ƙarshe, hujin duk sun toshe da farin abu kamar alli, ƙasar ta bushe ƙayau. Na kusa sun sha gishiri har ya ƙone su, na nesa ko ruwa ba su samu ba.

Ya zauna a gindin tano, daidai inda Dalhatu ya zauna ran nan. Ya daɗe. Bello mutum ne da ya sayar da saniya mai tari da rantsuwa ba tare da ya ƙyafta ido ba, ya san yadda ake gyara magana. Ya shirya abin da zai faɗa, ya tashi.

"Yaya ɗiyana?"

"Lahiya lau. Sun fara ja."

Dalhatu ya buɗe ido ɗaya. Ya kalli fuskar Bello, ya kalli hannunsa. Ƙarƙashin faratan fari fat.

"Matso da hannunka." Ya kama yatsan, ya kai hanci, ya saki. "Nawa ka zuba?"

Bello ya ɓoye hannun a aljihu.

"Bahillace, nawa?"

"Duka."

Shatu da ke tankaɗe a ƙofar madafa ta aje rariya. Bello ya jira. Da zagi ya zo da ya ji daɗi. Sai ya ga kafaɗun Dalhatu suna motsi, ashe dariya yake yi, marar sauti, hawaye na bin gefen idonsa zuwa kunne.

"Duka! Shatu, kin ji? Na ba bawa amana ya yi mani gwaninta. Kai da likita ku ɗaya, ni an ce ya yi mani yawa, su ma ka sa ya yi musu yawa."

"Na ga kana sauri na," Bello ya ce. "Na ce ko su ma su yi sauri."

Dariyar ta tsaya. Dalhatu ya kalli rufin rumfa.

"Na sani," ya ce. A jima ya ce, "Layin ƙarshe, na wajen magarya, ganyenshi ya ƙone?"

"A'a. Ya dai yi laushi don ƙishi."

"To da saura. Ka zubar da ruwan tano, ka wanke shi. Ka kwance bakin kowane tiyo ka saki ruwa ya fitar da dattin. Hujin ka bi su da ƙayar aduwa, a hankali, kada ka hwaɗaɗa su. Wanda ya ƙi, ka jiƙa shi da ruwan lemun tsami. Na kusa ka ba su ruwa zalla da yawa su wanke gishirin, bana sun tahi, amma itacen shi rayu. Na ƙarshen nan su za mu bi."

"Da mi? Garin ya ƙare."

Luƙman ya ce zai buga waya Yamai. Ya buga. Mai kayan ya ce babu a ƙasa, ana jiran mota, wataƙila ƙarshen wata. Kowa a tsakar gidan ya ji, ba wanda ya kalli wani.

Dalhatu ya juya kai wajen matarsa. "Ke, ina tukunyarki da anka kihe?"

"Ta toka? Tana bayan ɗaki."

"Balaraben nan, in kaya sunka yanke, toka shika barbaɗawa. Ya ce dangi ɗaya na. Ba ta kai garin ba, amma ta hi babu. Ki tata mani, irin ta karan hatsi."

"Shekara da shekaru kana cewa miyata ta cika toka," in ji Shatu, tana share ido da bakin zane. "Yau kuma ita kake bida."

"Ba ni zan sha ba, kada ki ji daɗi."

Ta ƙona karan hatsi a bayan gida, ta kwashe tokar ta danna a tukunyar nan mai huji a gindi, ta ɗora ta a kan duwatsu, ta tara ƙwarya a ƙasa, ta zuba ruwa a sama. Aka jima, ɗigon farko ya sauko, ja-ja kamar shayi. Dalhatu ya sa aka jawo katifarsa kusa. Ya ce kada a zuba ruwan tokar a tano, tiyo zai sake toshewa. A samo gorunan roba, a huda murfin da allura, a sirka ruwan tokar sosai har ya zama kamar ruwan wanke ƙwarya, a rataye kowace gora kife a gindin inabi, ɗan nesa da jijiya, tiyo kuma ya ci gaba da ba da ruwansa zalla.

Bello ya yi aikin nan kamar mai biyan kaffara. Albasarsa ta isa cira ya bar wa ƴaƴansa. Yana durƙushe da ƙaya a hannu yana bin huji ɗaya-ɗaya, gwiwar da ta hana shi kasuwa tana kuka, bai saurare ta ba. Masu garkar maƙwabta suna wucewa suna cewa, "Bello, an koma kiwon gora?" Ya ce, "Eh, ba ta shiga gonar kowa." Yanzu ɗigon bai ba shi haushi. In ya rataye gora ya kan tsaya sai ya ga na farko ya faɗi.

Layin magarya ya farfaɗo. Ganye ya miƙe. Ƴaƴan suka yi laushi, sannan wata safiya ya ga kafaɗar wani nono, wajen da rana ke bugu, ta ɗauki launi kamar an shafa jan lalle. Ya rage ruwa, kamar yadda aka ce, yana ji kamar shi ake hana. Tsuntsaye suka gano, ya ɗinka tsohon gidan sauro ya lulluɓe. Bai taɓa sa ko guda a baki ba. Ya ce mai abu ne zai fara.

A gida kuwa Dalhatu ya daina tambaya. Yawancin yini idonsa a rufe, numfashi na fita da ƙyar. Amma in tukunyar toka ta tsaya da ɗiga sai ya motsa hannu, Shatu ta tashi ta ƙara ruwa.

Ranar wata Laraba da hantsi ƙaramar ɗiyar Dalhatu ta zo garka ta ce Inna na kira. Bello bai tambayi dalili ba. Ya ɗaga gidan sauron, ya duba nonon da ya fi ja. Bai gama ba, rabinsa na ƙasa da sauran kore. Ya sa wuƙa ya yanke shi, ya sa a hularsa.

An mai da Dalhatu ɗaki. Luƙman na zaune a kansa yana karatu a hankali, Shatu na gefen ƙafafu da ƙoƙon ruwa da auduga, tana jiƙa masa leɓe. Bello ya durƙusa ya buɗe hular.

Luƙman ya tsai da karatu. "Baba Bello, likita ya hana. Ya ce ko kaɗan..."

"Na ji abin da yac ce."

"In wani abu ya hwaru, da hannunmu ke nan."

Yaron ba ƙarya ya faɗa ba, kuma shi Bello hannunsa ya riga ya yi ɓarna sau ɗaya don gaggawa. Ya fara rufe hular.

Shatu ce ta yi magana, ba ta ɗaga murya ba. "Luƙman, tun kana goye ubanka ke ba ni labarin abin nan. Ka dube shi da kyau, ka gaya mani mi kake tsare mishi."

Luƙman ya dubi ubansa. Ya daɗe yana dubansa. Sannan ya miƙa hannu cikin hular, ya zaɓi wanda ya fi duhu a kafaɗar nonon, ya goge shi da bakin rigarsa.

"Baba. Baba, ga inabinka."

Idon bai buɗe ba. Bello ya matso da bakinsa kusa da kunnen.

"Kai, Ba'are! Tashi, ubangidanka ya zo. Raggon banza, ka bar ni da aiki ka zo ka kwanta."

Gefen leɓen ya motsa. Luƙman ya ce bismillahi, ya matse ɗan inabin tsakanin yatsu biyu. Ɗigo ya taru, ya faɗa a kan harshe. Ya sake matsawa, wani ya bi. Suka ga maƙoshin ya motsa. Ana jin ɗigon tukunyar Shatu daga tsakar gida.

Dalhatu ya buɗe ido. Ya tsotsi harshensa a hankali, irin yadda yake yi kowace shekara a gindin rumfa kafin ya tofar. Wannan karon bai tofar ba.

"Da sauran tsami," ya ce, sai an kasa kunne. "Amma ya taso. Zaƙin shina hanya." Ya nemi Bello da ido. "Ka cire shi da wuri, Bahillace."

"Kai ka cika gaggawa."

"Sauran... ka bar su. Kada ka ƙara ruwa."

"Na ji."

"Ƙara mani guda."

Luƙman ya ƙara masa, ruwan inabin na bin yatsunsa. Daga nan ya koma laƙƙana masa kalmar shahada. Dalhatu ya bi shi sau ɗaya a fili, sauran a leɓe. Bai kai azahar ba.

Aka kai shi bayan la'asar. Da aka dawo aka zauna ƙofar gida karɓar gaisuwa, Bello ya zo ya tsaya gaban Luƙman cikin mutane, ya gyara murya.

"To, bawana ya mutu. Abin bawa na ubangiji na. A fito mani da gadona."

Tsofaffin wurin suka yi ƴar dariya, domin haka ake yi, ranar mutuwa ma abokin wasa ba ya fasa wasansa. Samarin abokan Luƙman suka ɗaure fuska. Luƙman ya ɗaga kai, idonsa jawur. Ya sa hannu a aljihu ya fito da makullin ƙofar garka, mai igiyar fata da ta yi baƙi don gumin ubansa.

"Ga shi, Baba Bello. Riƙe mana shi. Sai dai kada ka zuba duka."

Bello ya miƙa hannu. Ya karɓi makullin ya juya da sauri.

Bayan mako guda da wani abu layin magarya ya nuna, ya yi baƙi sil. Bello ya yanka ya cika faranti ya aika wa Shatu, ta raba wa matan da ke zuwa mata gaisuwar takaba da yaran unguwa. Yaran suka karɓa da shakka, suka lasa, sannan suka fara rigima a kan wa aka ba da yawa. Ta aiko masa da saƙo cewa ta ci, ya yi.

Shi bai ci ba tukuna. Da yamma ya koma garka, ya rufe ƙofa ta ciki. Ya bar nono ɗaya can ƙarshe, ƙarƙashin gidan sauro. Ya tsinki guda, ya goge a riga, ya zauna a ƙasa ya jingina da sandar rumfa yana juya shi a tafin hannu. Kusa da gwiwarsa gorar ƙarshe na rataye, da ɗan sauran ruwan toka a wuyanta. Ɗigo ya taru a bakin murfin, ya yi nauyi, hasken yamma ya shiga cikinsa. Bello ya tsaya yana jira ya faɗi.